Yadda ake bin sawun aikatau ɗaya a harshen Ido da Sifaniyanci, da misalin "esperar"

Tun da na taɓa ambata cewa kalmar *esperar* tana cikin Sifaniyanci kuma tana cikin harshen Ido, harafi da harafi babu bambanci, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: yaya mutum zai gano abin da take nufi a kowane harshe, ya kuma san inda ta samo asali, ba tare da shaci-faɗi ba? Masu tambayar iri biyu ne. Akwai masu koyon Sifaniyanci, akwai kuma waɗanda sha'awar ƙirƙirarrun harsuna ta ja su zuwa Ido, wato harshen da aka tsara a 1907 daga gyaran Esperanto, wani ƙirƙirarren harshen da ya riga shi. Maimakon in riƙa amsa wa mutum ɗai-ɗai, ga hanyar da nake bi daga farko har ƙarshe. Na zaɓi *esperar* ne da gangan, domin duk ramin da mai bincike kan faɗa yana cikinta.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Waya mai intanet ta wadatar, kuma data kaɗan za ka ci tunda rubutu ne zalla. Sai littafin rubutu da biro, waɗanda ba na so ka raina, za ka ga dalili a mataki na farko.

Don Sifaniyanci, buɗe ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar kula da harshen da aka kafa a Madrid a 1713. Yana nan kyauta a dle.rae.es. Don Ido, nemi ƙamus ɗin Ido zuwa Turanci na L. H. Dyer wanda ya fito a 1924, shi ma an ɗora shi a intanet kyauta. Wiktionary, ƙamus ɗin intanet mai tara harsuna da yawa, na da amfani wurin fara leƙe, kuma yana da reshe a cikin harshen Ido kansa mai suna Wikivortaro. Don Latin akwai ƙamus ɗin Lewis da Short na 1879 a shafin Perseus. Abu ɗaya da ake saye shi ne ƙamus ɗin asalin kalmomi na Joan Corominas, babban ya fito tsakanin 1954 da 1957, taƙaitaccen kuma a 1961. In kana kusa da ɗakin karatu da ke da shi ka duba, in babu aikin zai yiwu ba tare da shi ba.

Aikatau na farko zai iya cinye maka yamma guda. Daga na uku zuwa na huɗu hannunka ya faɗa.

Mataki na 1: Raba shafinka

Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya zama gida uku. Hagu na Sifaniyanci, dama na Ido, tsakiya na Hausa. A can ƙasa ka bar fili kamar faɗin tafin hannu don asali. Doka ɗaya ce: abin da ka samo a hagu ba ya tsallakawa dama, na dama ba ya tsallakawa hagu, sai ka kai mataki na ƙarshe.

Hausa nake sawa a tsakiya saboda ita ce ma'aunin da kunnenka ba ya kuskure a kai. Bahaushe bai taɓa rikita fata da jira da tsammani ba. Wanda ke tsaye a tasha jira yake yi. Manomin da ya shuka ya ɗaga kai sama, fata yake yi. Matar da aka ce mata baƙi za su iso da la'asar, tsammaninsu take yi. Rubuta waɗannan kalmomi uku a gidan tsakiya, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da tazara tsakaninsu.

Gargaɗi: in ka rubuta "Ido" kaɗai a wurin bincike za ka sha wahala. A Hausa ido ne na gani, a Sifaniyanci *ido* na nufin wanda ya tafi. Rubuta "linguo Ido" ko "Ido vortaro", kalma ta biyu tana nufin ƙamus. Sunan harshen kansa daga Esperanto yake, inda *ido* ke nufin ɗa ko zuriya.

Mataki na 2: Tabbatar sigar ɗaya ce

Kafin ka fara neman ma'ana, duba ko kalmomin biyu matsayi ɗaya suke a nahawu. Sifaniyanci yana da aikatau iri uku a sigar da ake sawa a ƙamus: masu ƙarewa da *-ar*, da *-er*, da *-ir*. A Ido kuwa duk aikatau da *-ar* yake shiga ƙamus, babu togiya. *Esperar* ta tsallake wannan siraɗin, domin a duka harsunan sigar ƙamus ce, kuma a duka biyun gaɓar ƙarshe ake dannawa wurin furuci.

Gargaɗi: a Ido *-ir* ba wani jinsin aikatau ba ne, alama ce ta abin da ya riga ya wuce, *-or* kuma ta abin da ke tafe. Saboda haka *dormir* a Sifaniyanci yin barci ne kawai, amma a Ido sigar ƙamus ita ce *dormar*, *dormir* kuwa tana nufin kasancewa an riga an yi barcin. Haka *venir*: zuwa a Sifaniyanci, amma a Ido sigar shuɗaɗɗen lokaci ce ta *venar*. Duk kalmar da ta ƙare da *-ir* a ɓangarorin biyu, ido ne ya ga kama, nahawu bai yarda ba.

Akwai kuma akasin haka, kalma ɗaya ce amma rubutu ya raba. Ido yana rubuta sautin k da harafin k, harafin c kuma sautin "ts" yake bayarwa. Shi ya sa rera waƙa *cantar* ne a Sifaniyanci, *kantar* a Ido. In ka nema da c ba ka samu ba, gwada k kafin ka yanke hukunci.

Mataki na 3: Kwashe ma'anonin Sifaniyanci

A nan aikin yake da nauyi, kada ka yi gaggawa. Buga *esperar* a dle.rae.es. Layin farko ƙarƙashin kalmar zai nuna maka asali, da gajerun kalmomi *Del lat.*, wato daga Latin. Kwafe shi ka ajiye a filin ƙasa, kada ka bi shi yanzu. Daga nan sai ma'anoni masu lamba. Kowace tana da alama a gabanta: *tr.* aikatau ne mai ɗaukar karɓau (abin da aikin ya faɗa wa) kai tsaye, *intr.* marar ɗauka, *coloq.* maganar yau da kullum, *desus.* an daina amfani da ita.

Za ka tarar ma'anonin sun kasu daidai da kalmomi ukun da ka rubuta a tsakiya. Akwai sa rai da samun abin da ake so, fata ke nan. Akwai ɗauka cewa abu zai faru, tsammani ke nan. Akwai zama a wuri har wani ya iso ko wani abu ya faru, jira ke nan. Kalma ɗaya ta ɗauki kaya uku.

To yaya su masu harshen suke rarrabewa? Ta abin da ya biyo bayan aikatau ɗin. Wannan ne ya kamata ka rubuta da kulawa, kowace jimla a gaban kalmar Hausar da ta dace da ita:

*Espero el autobús.* Ina jiran bas.
*Espero a mi hermano.* Ina jiran ɗan'uwana.
*Espero verte mañana.* Ina fatan ganinka gobe.
*Espero que vengas.* Ina fata ka zo.
*Espero a que vengas.* Ina jira har ka zo.
*No esperaba esa respuesta.* Ban yi tsammanin wannan amsar ba.

Tsaya kan ta huɗu da ta biyar ka dube su da kyau. Harafi guda ne tsakaninsu, wannan ƙaramin *a*, amma shi ya raba fata da jira. Wanda ya ce *espero que vengas* bai san ko za ka zo ba, rai kawai ya sa. Wanda ya ce *espero a que vengas* ya dakatar da abin da yake yi, ba zai motsa ba sai ya gan ka. In aboki ya turo maka ta biyun ka karanta ta kamar ta farkon, za ka bar mutum tsaye a bakin hanya.

Lura kuma cewa *vengas* aka ce, ba *vienes* ba, alhali dukansu daga *venir* suke. Wannan sigar da suke kira *subjuntivo* ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mu ma "ina so ka zo" muke cewa, ba "ina so kana zuwa" ba. Abin da ake buri bai riga ya auku ba, sai harshe ya ba shi sigarsa ta daban.

Gargaɗi: *a* ɗin da ke cikin *espero a mi hermano* aikinsa daban. Sifaniyanci yana sa shi gaban karɓau in mutum ne sananne, kusan kowane aikatau ne ya zo. Shi ya sa bas bai samu *a* ba, ɗan'uwa ya samu. Kada ka rubuta a littafinka cewa *a* yana nufin jira.

Gargaɗi na biyu: za ka ci karo da *esperar por* a rubutun wasu ƙasashen Latin Amurka, musamman yankin Karebiyan, da ma'anar jira. Ba kuskuren bugu ba ne. Hukumar tana da wani ƙamus na warware shakku, *Diccionario panhispánico de dudas*, da ya fara fitowa a 2005, shi ma kyauta, kuma ya yi bayani a kan wannan. Rubuta shi a gefe da sunan yankin.

Ƙara amfani biyu na yau da kullum kafin ka rufe wannan gida. *¡Espera!* shi ne "dakata!" da ake ce wa aboki ko yaro, *espere* kuma ga wanda ake girmamawa. In an ce mace *espera un bebé*, juna biyu gare ta.

Mataki na 4: Kwashe ma'anar Ido

Rufe hagu da tafin hannunka, ko ka ninke takardar. Buɗe Dyer ka nemi saiwar, wato *esper-*, domin ƙamusan Ido bisa saiwa ake jera su, a raba ta da ɗafa-ƙeya da ɗan layi. Ma'ana ɗaya za ka samu: fata. Babu jira, babu tsammani.

Yanzu sai ka cike guraben biyu da suka rage a gidan dama. Jira a Ido *vartar* ne, tsammani kuma *expektar*. Gidan dama zai tsaya haka:

*Me esperas ke tu venos.* Ina fata za ka zo.
*Me vartas la treno.* Ina jiran jirgin ƙasa.
*Me vartas mea fratulo.* Ina jiran ɗan'uwana.
*Me ne expektis ta respondo.* Ban yi tsammanin wannan amsar ba.
*Vartez!* Dakata!

Ba haɗari ba ne ya kawo wannan. Waɗanda suka tsara Ido, musamman Louis Couturat, masanin falsafa ɗan Faransa, sun kafa ƙa'idar da suke kira *unasenceso*: kalma ɗaya, ma'ana ɗaya. Ko Esperanto da suka gyara, kalma ɗaya *atendi* yake amfani da ita don jira da tsammani, su kuwa suka raba ta biyu. A wannan gaɓar Ido ya fi kusa da Hausa fiye da yadda yake kusa da Sifaniyanci, duk da cewa rigar kalmar ta Sifaniyanci ce. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci suna da sauƙi a nan, domin *espérer* da suka sani a makaranta fata ne, jira kuwa *attendre*, kuma ma'anar Ido ta bi ta Faransanci sak.

Wani ƙanena da ya fara Sifaniyanci kafin ya leƙa Ido ya taɓa kawo mini littafinsa. Ya rubuta *me esperas la treno*, ya ja layi a ƙasa, ya sa "ina jiran jirgi". Na tambaye shi inda ya samo jira. Ya ce, "Yaya, ai *esperar* ce, kuma ƙamus ya ce jira." Na ce wane ƙamus, na hagu ko na dama? Ya yi shiru, ya juya shafi baya, sai ga shi bai ja layin raba gida ba, duk abin da ya kwaso ya zuba su wuri ɗaya. Jimlar tasa babu kuskuren nahawu ko ɗaya, sai dai mai jin Ido zai fahimci cewa yana fatan samun jirgi ne, ba tsaye yake a tasha ba. Irin wannan kuskure ya fi ciwo, domin babu abin da zai nuna maka ka kauce.

Gargaɗi: a ƙarshen bayanin kowace saiwa Dyer yana sa manyan haruffa daga cikin D, E, F, I, R, S. Harsuna shida suke wakilta: Jamusanci, Turanci, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci. Suna nuna harsunan da ake samun saiwar ne, ba suna cewa ma'anar daidai take da ta waɗancan harsuna ba. Ganin S ba izini ba ne na kwaso ma'anonin Sifaniyanci. Kwafe haruffan ka kai su filin ƙasa.

Mataki na 5: Juya aikatau ɗin a ɓangarorin biyu

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali a rubutu na gaske ba kasafai za ka ga sigar ƙamus ba. Aikatau na Ido ba ya canzawa saboda mai aikatawa, lokaci kaɗai ke canza shi: *esperas* yanzu, *esperis* a da, *esperos* nan gaba, *esperus* da sharaɗi, *esperez* umarni. Na Sifaniyanci yana bin mai aikatawa: *espero, esperas, espera, esperamos, esperáis, esperan*. Shafin hukumar yana da cikakken jadawalin a ƙasan bayanin kalmar.

Jera su kusa da juna sai ka ga tarkon. *Espero* a Sifaniyanci "ina fata" ko "ina jira" ne, a Ido kuwa suna ne, fata kanta, domin suna tilo a Ido da *-o* yake ƙarewa. *Esperas* a Sifaniyanci kai kaɗai ne mai yi, a Ido kowa ma, sai wakilin suna ya fayyace: *me esperas, tu esperas, ni esperas*. *Espera* a Sifaniyanci "yana jira" ne ko "dakata", a Ido *-a* alamar sifa ce. *Espere* umarni ne na girmamawa a can, a nan *-e* alamar bayanau ce. Siga huɗu, rubutu ɗaya, babu wadda aikinta ya zo daidai.

Gargaɗi: kada ka yi sakaci da ɗan karan da Sifaniyanci ke ɗorawa a kan wasali. *Espero* ni ne yanzu, *esperó* shi ne ko ita a baya. A yawancin wayoyi in ka danne harafin ka riƙe, zaɓin mai karan zai fito. Ido ba ya amfani da irin wannan alama ko kaɗan, saboda haka in ka gan ta ka san a hagu kake.

Mataki na 6: Tara 'ya'yan kalmar

Nemi kalmomin da suka tsiro daga saiwar. A Sifaniyanci akwai *esperanza*, *espera*, *desesperar*, *inesperado*. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, abin da harshen ya cakuɗa a aikatau ya raba shi a suna. *Esperanza* fata ce, ita ce a cikin *Cabo de Buena Esperanza*, sunan da suke kiran tsinin ƙasar nan na Afirka ta Kudu kusa da Cape Town. *Espera* kuma jira ne, shi ya sa ɗakin jira a asibiti ko tasha *sala de espera* yake. *Inesperado* ya ɗauki ta ukun: abin da ba a yi tsammani ba. Kowane ɗa ya gaji kaya ɗaya daga cikin ukun da uwar ta ɗauka. Sa kowanne a layinsa.

A Ido ba haddacewa ake yi ba, ginawa ake yi da ɗafe-ɗafe masu tsayayyar ma'ana. *Espero* fata, *esperanta* mai yin fata a matsayin sifa, *esperebla* abin da za a iya fata, *esperinda* abin da ya cancanci a yi fatansa, *desesperar* yanke ƙauna. Ɗakin jira ba zai taɓa fitowa daga wannan saiwa ba, daga *vart-* zai fito. *Esperanto* da ƙaramin harafi mutum ne mai fata, kuma daga nan sunan wancan harshen ya zo, domin L. L. Zamenhof ya fitar da littafinsa na farko a Warsaw a 1887 da laƙabin Doktoro Esperanto.

Gargaɗi: *desesperar* ma tana ɓangarorin biyu, kuma ita ma ta fi faɗi a Sifaniyanci. Ban da yanke ƙauna, *me desespera* na nufin abu yana ƙure mini haƙuri. In za ka bi ta, buɗe mata nata shafin.

Mataki na 7: Bi asali

Sauko filin ƙasa. Tambayoyi biyu ne a nan, ba ɗaya ba, domin Sifaniyanci gadon kalmar ya yi daga baki zuwa baki tsawon ƙarnoni, Ido kuwa zaɓarta aka yi aka sa masa.

Fara da hagu. Ƙamus ya ce daga Latin *sperare*. Nemi *spero* a Lewis da Short, domin ƙamusan Latin da sigar "ina yi" suke jera aikatau. Za ka ga tana da alaƙa da suna *spes*, fata, kuma ma'anarta sa rai da tsammani ce. Jira a Latin wata kalma ce, *exspectare*, mai tushe a kan dubawa, kamar mai leƙen hanya. Ka ga ke nan jira ƙari ne da kalmar ta samu daga baya a bakin mutanen yankin Sifaniya da Fotugal, domin harshen Fotugal ma *esperar* yake cewa da ma'anoni ukun. Italiyanci ya tsaya kan *sperare* don fata, *aspettare* don jira. Yadda ma'anar ta miƙe ba abin mamaki ba ne ga mai cewa "ina sauraron zuwansa": wanda ya sa rai da abu, zama yake yi yana dakonsa.

Sai batun *e* na farkon kalma, wanda babu shi a Latin. Bakin Sifaniyawa ba ya fara kalma da s mai bin wani baƙi, sai ya sa wasali a gaba. *Schola* ta zama *escuela*, *scribere* ta zama *escribir*, *stare* ta zama *estar*, *sperare* ta zama *esperar*. Mu ma muna da irin wannan ɗabi'a da kalmomin aro, sai dai mu a tsakiya muke cusa wasalin: haka muka samu sito da burodi da sukurudireba. Duk lokacin da ka ga aikatau na Sifaniyanci ya fara da *es-* da baƙi a bayansa, gwada cire *e* ɗin kafin ka shiga ƙamus ɗin Latin. Ba kullum yake ci ba, wasu daga *ex-* suka zo, amma gwajin farko ke nan.

Yanzu dama. Wannan *e* ɗin shi ne shaidarka. Ido ba ya ƙyamar s da baƙi a farkon kalma: rubutu *skribar* ne, nazari *studiar*, makaranta *skolo*. Da kai tsaye daga Latin aka ɗauko, ko daga Italiyanci, da babu *e*. Tunda akwai shi, kalmar ta biyo ta sigar Faransanci da Sifaniyanci ne, kuma Ido ya tarar da ita a Esperanto a matsayin *esperi* ya riƙe. Rubuta sarƙar haka: Latin *sperare*, sai Faransanci *espérer* da Sifaniyanci *esperar*, sai Esperanto *esperi*, sai Ido *esperar*. Maƙwabtanta biyu kowace da hanyarta: *vartar* daga Jamusanci *warten*, *expektar* kuma tana komawa ga *exspectare* ɗin nan ta Latin.

Gargaɗi: kama da wane ba ta wane. *Exasperar*, fusata mutum, kamar 'yar gidan take, amma daga Latin *asper* ta fito, abu mai kaushi. *Respirar* da *espirar* daga *spirare* suke, numfashi. Tsohon zancen Latin ɗin nan *dum spiro, spero*, muddin ina numfashi ina fata, daɗinsa ya zo ne daga kasancewar kalmomin biyu daban suke, sauti kawai ya haɗa su. Kada ka haɗa zumunci tsakanin kalmomi sai ƙamus ɗin asali ya nuna maka.

Gargaɗi na biyu: in ka matsa gaba da Latin za ka fara ganin kalmomi da tauraro a gabansu. Tauraron na nufin ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, masana ne suka sake gina ta ta hanyar kwatanta harsuna. In ka kwafa, kwafa da tauraronta. Ni a *spes* nake tsayawa, domin nan ne ƙafa ke taka ƙasa.

Game da Wiktionary: shafi ɗaya yake tara duk harsunan da ke da kalmar, ɗaya bayan ɗaya. A shafin *esperar* za ka wuce harsunan Katalan da Galisiya kafin ka iso Ido, sannan Fotugal kafin Sifaniyanci. A kan ƙaramin allon waya abu ne mai sauƙi yatsa ya zarce da kai sashen wani harshe ba ka lura ba. Duba kan sashen kafin ka kwafi komai, sannan ka gwada abin da ka samu da ɗaya daga cikin manyan ƙamusan, tunda kowa na iya gyara shafin.

Mataki na 8: Buɗe layin ka gwada

Yanzu ne aka yarda hagu da dama su gaisa. Ɗauki jimlolin Sifaniyanci shida na mataki na 3, ka mai da kowace Hausa, daga Hausar ka mai da ita Ido. Kada ka tsallake tsakiya. In ka yi daidai, biyu za su fito da *esperar*, uku da *vartar*, ɗaya da *expektar*. In shidan duka suka fito da *esperar*, koma mataki na 4.

Gwaji na biyu karin maganarsu ce: *quien espera, desespera*. Mai jira, haƙurinsa kan ƙare. Armashinta a Sifaniyanci shi ne kalma ɗaya ta yi jira a farko, sannan ta juye ta zama yanke ƙauna a ƙarshe. Gwada kai ta Ido. Dole rabin farko ya ɗauki *vartas*, na biyu *desesperas*, ma'ana ta isa amma wasan kalmar ya zube a hanya. In ka fahimci dalilin zubewarsa, ka gama da wannan kalma.

In kana son ganin yadda aka yi amfani da ita a tsofaffin rubuce-rubuce, hukumar tana da rumbun nassoshi na tarihi mai suna CORDE, da na zamani mai suna CORPES, duka kyauta. Buga sigar da aka juya, kamar *esperaba*, ka karanta jimloli goma, kana sa wa kowace alamar fata, jira ko tsammani a gefe.

Mataki na 9: Ɗauki na gaba

Sabon shafi, sabon layi. Fara da masu sauƙi inda ɓangarorin suka yi daidai, don hannunka ya saba: *amar* so, *lavar* wanki, *pagar* biya. Ta ƙarshen tana da asali mai daɗin bi, domin daga Latin *pacare* take, kwantar da hankali, ita kuma daga *pax*, zaman lafiya: wanda ka biya bashinsa ka kwantar masa da rai. *Pensar* tunani ne a duka biyun, daga *pensare*, aunawa, amma kula da mataki na 5, domin Sifaniyanci *pienso* yake cewa, wasalin saiwa ya canza, Ido kuwa *me pensas*.

Daga nan ka shiga masu ƙaya. *Donar* a Ido bayarwa ce kowace iri, ko gishiri ka miƙa wa mutum, a Sifaniyanci kuwa bayar da gudummawa ce ko kyauta irin ta jini da dukiya, bayarwar yau da kullum *dar* ce. *Demandar* a Ido roƙo ne ko neman a ba ka abu, a Sifaniyanci ta fi yawa a kai ƙara kotu. *Trovar* a Ido samun abin da ake nema ne, a Sifaniyancin yau kuwa tsara baitocin waƙa, samu kuma *encontrar* ne ko *hallar*. Da wannan ta ƙarshen ka ware wa filin ƙasa rabin shafi, domin sai ka bi ta Faransanci *trouver* da Italiyanci *trovare* kafin ka ga inda Ido ya ɗauko tasa ma'anar.